Wa Ke Zaɓar Mai Kujera? Ɗaukar Shehun Malami a Kujerar Waƙafi ta Kimiyyar Siyasa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda jami'o'i ke neman gogaggen malami su ɗora shi a kan kujerar farfesa ta waƙafi a fannin kimiyyar siyasa, wato kujerar da wani mai hali ya ajiye wa dukiya, ake biyan mai riƙe da ita daga ribar dukiyar. An bi hanyar nazarin tarihi da kwatanci, an ɗauko misalai daga Suwidin da Birtaniya da Amurka da Afirka ta Kudu. Hujjar takardar ita ce, kafin a buga sanarwar neman 'yan takara an riga an yanke mafi yawan hukuncin a wurare biyu: cikin yarjejeniyar da jami'a ta sa wa hannu da mai waƙafi, da cikin jerin sunayen 'yan kwamitin zaɓe. Takardar ta kuma taɓo yadda ake auna 'yan takara, da abin da ya kamata a miƙa wa wanda aka zaɓa ban da suna da albashi.

1.0 Gabatarwa

A manyan jami'o'i akwai matsayin da ya ɗara na farfesa na yau da kullum: kujera mai suna, mai asusun kanta. Wani attajiri, ko iyali, ko kamfani, ko gidauniya, shi ke miƙa wa jami'a dukiya bisa sharaɗin kada a taɓa uwar kuɗin. A juya ta, a riƙa biyan albashin shehun malami guda da hidimar bincikensa daga abin da ta haifa. Wanda ya karanci fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin tsarin waƙafi ne sak: a tsare asali, a ciyar da amfani. Makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda aka buɗe a 1067, da waƙafi ta rayu, kuma waziri Nizamul Mulki ne da kansa ya naɗa Imam Gazali ya koyar a cikinta a 1091. A Ingila, Lady Margaret Beaufort, mahaifiyar Sarki Henry na Bakwai, ta kafa kujerun ilimin addini a Oxford da Cambridge a 1502.

Kimiyyar siyasa ma tana da tata tsohuwar kujera. A 1622 Johan Skytte, wanda ya karantar da Sarki Gustav Adolf na Suwidin yana yaro, ya ba Jami'ar Uppsala gonaki da gida domin a riƙa ɗaukar nauyin farfesan balaga da siyasa. Kujerar na nan har yau, shekaru ɗari huɗu da ɗoriya, gidan ma na nan a tsakiyar garin.

Me ya sa aka ware wannan fanni daga sauran? Kujerar lissafi da Henry Lucas ya kafa a Cambridge a 1663, wadda Isaac Newton ya hau a 1669, ba ta da yadda za ta yi ta ɓata wa iyalan Lucas rai da sakamakon bincike. Kimiyyar siyasa kuwa abin da take ƙwanƙwasa shi ne mulki: wa ke riƙe da shi, ta wace hanya, kuma wa yake cin moriyarsa. Mutumin da ya tara dukiyar da za ta isa kafa kujera da wuya ya zama ɗan ba-ruwana a kan waɗannan tambayoyi. Daga nan matsalar take farawa.

2.0 Abin da Kuɗin Ke Saye

Jami'o'in Amurka galibi suna kashe kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na darajar asusun waƙafi a shekara. Yale ta daɗe tana aiki da ƙa'idar kashi 5.25. Sauran ribar komawa take cikin asusun don kada hauhawar farashi ya cinye shi. A ƙaddara an ajiye dala miliyan 5, ana fitar da kashi 4.5. Abin da zai zo hannu a shekara dala 225,000 ne. A babbar jami'ar bincike wannan ba lalle ya ɗauke albashin fitaccen malami da alawus ɗinsa da kuɗin ɗalibansa ba, don haka sau da yawa jami'ar ce ke cika ragowar daga aljihunta. Wannan batu yana da muhimmanci wajen muhawarar iko: mai waƙafi ya sa suna, amma ba shi kaɗai ke biya ba.

Abu na biyu da kuɗin ke saye shi ne tsawon zamani. Tun daga 1994 dokar Amurka ta hana a tilasta wa malamin jami'a mai tabbataccen matsayi yin ritaya saboda shekaru. A Uppsala, Leif Lewin ya riƙe kujerar Skytte daga 1972 zuwa 2008, shekara 36. Kwamitin da ya yi zaɓen tumun dare, sashen ne zai zauna da kuskuren har ɗaliban da ba a haifa ba ranar zaɓen su zo su tarar da shi.

3.0 Hannun Mai Waƙafi

Misalin da ya fi kusa da fanninmu shi ne na kwalejin Aberystwyth a yankin Wales. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, David Davies da 'yan'uwansa mata biyu, Gwendoline da Margaret, magadan dukiyar kwal da jirgin ƙasa, suka ba da fam 20,000 aka kafa kujerar siyasar ƙasa da ƙasa mai sunan Woodrow Wilson, ta farko irinta a duniya. Davies ya san abin da yake so. Ya yi imani da Ƙungiyar Haɗin Kan Al'ummai da aka kafa bayan yaƙin, yana kuma fafutukar a samar da rundunar 'yan sandan duniya da za ta hana ƙasashe far wa juna. A ganinsa aikin mai kujerar shi ne ya yaɗa wannan aƙida, ya fita lacca gari-gari.

A 1936, lokacin babu kowa a kan kujerar, aka zaɓi E. H. Carr, wanda ya shafe shekara ashirin a ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya. Davies ya yi tsalle ya dire, yana da nasa ɗan takarar mai ra'ayi irin nasa, amma bai yi nasara ba. Bayan shekara uku, a 1939, Carr ya fitar da The Twenty Years' Crisis, littafin da ya yi kaca-kaca da tunanin cewa yarjejeniyoyi da kyakkyawar niyya za su iya tsare zaman lafiya ba tare da la'akari da ƙarfi ba. Wato da kuɗin Davies aka rubuta raddin aƙidar Davies. Daga baya ya nuna nadamar kafa kujerar. Amma littafin nan shi ne har gobe ake fara ba ɗaliban fannin su karanta, kuma shi ne babban dalilin da ya sa sunan Aberystwyth ya zauna a tarihin fannin. Ba ina cewa Carr ya yi daidai a komai ba. A bugun farko na littafin ya nuna goyon baya ga lallashin Hitler, matsayin da tarihi bai yi wa da daɗi ba. Abin lura shi ne kwalejin ta samu damar zaɓar wanda ta ga ya fi ilimi, ta kuma iya riƙe shi, saboda wuƙa da nama ba su hannun mai kuɗin.

A Landan labarin ya sha bamban. Attajiran Girkawa mazauna Birtaniya sun tara kuɗi aka kafa kujerar Koraes ta tarihi da harshen Girka a King's College, Arnold Toynbee ya fara hawanta a 1919. A 1921 ya tafi Anatoliya yana aiko wa jaridar Manchester Guardian rahoton yaƙin Girka da Turkiyya. Ya tafi yana mai ƙaunar Girkawa, ya dawo yana ba da labarin ta'asar da sojojinsu suka yi wa fararen hula Turkawa, ya kuma tattara abin da ya gani a littafi a 1922. Masu ba da kuɗin suka taso shi a gaba, ya ajiye kujerar a 1924. Masanin tarihi Richard Clogg, wanda ya bi takardun rikicin ya rubuta littafi a kai a 1986, ya nuna cewa tun wajen kafa kujerar aka bar wa kwamitin masu gudummawa ta-cewa a kan asusun. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Bambancin Carr da Toynbee ba a jarumtaka yake ba. Yana cikin takardar da aka rubuta kafin a san da zuwan kowannensu.

Kada a ɗauka tsohon yayi ne. A 1995 Yale ta mayar wa Lee Bass dala miliyan 20 da ya bayar don koyar da wayewar Yammacin duniya, bayan ya nemi a ba shi damar amincewa da malaman da za a ɗauka. A 2008 Jami'ar Jihar Florida ta karɓi alƙawarin dala miliyan 1.5 daga gidauniyar Charles Koch don ɗaukar malaman tattalin arziki, da sharaɗin wani kwamitin ba da shawara da gidauniyar ke da hannu wajen naɗawa zai duba 'yan takara. Sai a 2011 maganar ta fito fili a jaridu. A 2018 shugaban Jami'ar George Mason, Ángel Cabrera, ya amsa cewa wasu tsofaffin yarjejeniyoyin jami'ar sun ba masu kyauta gurbi a harkar zaɓen malamai, kuma hakan ya gaza mizanin 'yancin ilimi. A 2021 Beverly Gage ta sauka daga shugabancin shirin nazarin manyan dabarun mulki na Yale, tana mai cewa masu ɗaukar nauyin shirin suna neman tsoma baki a abin da ake koyarwa, ta hanyar kwamitin masu ba da shawara da aka shirya sa Henry Kissinger a ciki.

Akwai kuma matsi ta ɗaya gefen. Bo Rothstein, masanin cin hanci da ingancin gwamnati ɗan Suwidin, ya bar makarantar nazarin mulki ta Blavatnik a Oxford a 2017, da ya ji cewa attajirin da makarantar ke ɗauke da sunansa ya ba da dala miliyan 1 ga bikin rantsar da Donald Trump. Jami'ar ta ce mai kyautar ba ya sa baki a harkokin ilimi, kuma Rothstein bai ce an hana shi rubuta wani abu ba. Sunan da ke jikin ƙofa ne ya gagare shi ɗauka. Darasin ga mai neman babban malami shi ne, shi ma ɗan takarar yana binciken jami'ar da mai waƙafinta kamar yadda ake bincikensa.

Fiƙihun waƙafi ya ba sharaɗin mai waƙafi nauyi ƙwarai, kuma ba na jayayya da haƙƙinsa na faɗin abin da yake so a yi da dukiyarsa. Yana da damar ya ce kujerar ta nazarin zaɓe ce, ko ta tsarin tarayya, ko ta dangantakar ƙasashe. Inda ya kamata hannunsa ya tsaya shi ne bakin ƙofar ɗakin zaɓe. Ko wajen faɗin manufar ma gara a yalwata lafazi. Kujerar Skytte ta rayu ne saboda "balaga da siyasa" ya ɗauki masanin Latin kamar Johannes Schefferus da aka ɗauko daga Strasbourg a 1648, ya ɗauki masanin harshe Johan Ihre a ƙarni na 18, ya kuma ɗauki Rudolf Kjellén mai nazarin siyasar yanayin ƙasa a 1916. Da an ɗaure ta da wata aƙida ta zamanin Skytte, da tuni ta zama kayan tarihi.

4.0 Neman Wanda Bai Nema Ba

Sanarwar da ake bugawa a mujallu da shafin ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta Amurka ko ta Turai cika ƙa'ida ce, kuma wajibi ce, domin ita ke buɗe ƙofa ga wanda kwamiti bai yi tunaninsa ba. Amma duk wanda ya zauna a irin wannan kwamiti ya san cewa malamin da ake so da gaske ba kasafai yake aiko takarda ba. Yana da kujerarsa, yana da ɗalibai a hannu, 'ya'yansa na makaranta, matarsa ko mijinta na da aiki a garin. In ya nema aka ƙi shi, labari zai kai sashensa kafin ya dawo. Saboda haka abin ya fi kama da neman aure a gidan mutunci: ana tura wanda ake jin nauyinsa ya fara jin ta bakin mutum a asirce, a gefen wani taro ko ta waya, a gayyace shi ya zo ya gabatar da lacca ba tare da an ambaci kujera ba, sai an ga alamar karkata sannan a fito da magana.

Wannan sirri yana da amfani, yana kuma da haɗari, domin a cikin duhunsa ne 'yan kwamiti ke kiran abokan karatunsu kaɗai. Ƙasashe sun ɓullo da hanyoyi daban-daban na rage ɓarnar. A Oxford manyan kujeru suna da majalisar masu zaɓe wadda ake sa malamai daga wasu jami'o'i a ciki. A Jamus kwamiti na gayyatar 'yan takara laccar gwaji a bainar jama'a, ya nemi ra'ayin masana na waje, ya miƙa jerin mutum uku bisa fifiko, kuma al'ada da dokokin jihohi sun taƙaita ɗaukar ɗan gida. A Suwidin ana naɗa ƙwararru daga waje su karanta ayyukan masu nema su jera su a rubuce, kuma a jami'o'in gwamnati rahoton nasu takarda ce da kowa ke da ikon ya nema ya karanta. Tsarin Suwidin yana da tsada: wasu manya na gudunsa don ba sa son a ga an sa su na uku. Duk da haka, a ra'ayina, ga fannin da ake yawan zargi da ɓangaranci, ya fi sauran kare mutuncin wanda aka zaɓa, domin hujjar zaɓensa na nan a rubuce.

Kafa kwamitin shi ne rabin aikin. Kimiyyar siyasa gida ne mai ɗakuna da yawa waɗanda mazaunansu ba sa yawan gaisawa: masu falsafar siyasa, masu kwatanta ƙasashe, masu dangantakar ƙasa da ƙasa, masu ƙididdiga da gwaji. A shekarar 2000 wani da ya ɓoye sunansa ya kira kansa Mista Perestroika ya aika wasiƙar imel yana zargin cewa masu lissafi sun mamaye ƙungiyar masanan Amurka da babbar mujallarta. Guguwar da ta biyo baya na cikin abin da ya haifar da sabuwar mujalla, Perspectives on Politics, a 2003. Ɓarakar ba ta gama ɗinkewa ba. Shugaban tsangayar da ya cika kwamiti da 'yan ɗaki ɗaya ya riga ya zaɓi irin wanda zai fito, ko da bai furta suna ba.

5.0 Ma'auni

Da zarar an zo tantancewa, abin da ya fi sauƙi shi ne ƙirga: muƙalu nawa, a wace mujalla, sau nawa aka ambace su. Ƙirgan yana da amfaninsa, amma yana ɗauke da son kai na tarihi. Tun a 1968 Robert Merton ya bayyana yadda yabo ke taruwa wurin wanda ya riga ya yi suna. Binciken Daniel Maliniak da Ryan Powers da Barbara Walter na 2013 ya gano cewa a fannin dangantakar ƙasashe ana ambaton muƙalun mata ƙasa da na maza, ko bayan an cire tasirin maudu'i da mujalla da matsayi. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na malaman jami'o'in Amurka da suka yi digiri na uku a ƙasar sun fito ne daga kusan kashi 20 na jami'o'in. Kujerar Skytte sai a 2008 mace ta fara hawanta, Li Bennich-Björkman, bayan shekara 386.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, wahala ce da shi: 'yan kwamiti su zauna su karanta. A nemi kowane ɗan takara ya zaɓo ayyuka uku ko huɗu da yake alfahari da su, da bayanin abin da yake son yi a shekaru goma masu zuwa. A tuntuɓi tsofaffin ɗalibansa na digiri na uku, a ji ko yana karanta babin da aka ba shi, ko sai an yi wata shida ana bin sa. Wannan tambaya ta fi bayyana hali fiye da wasiƙun yabo, waɗanda kusan duk yare ɗaya suke yi.

Sai kuma ma'anar girma. Kujerar waƙafi tana jan kwamiti zuwa ga wanda ya gama aikinsa, a ba shi ita a matsayin tukuici. Oxford ta nuna akwai wata hanyar: kujerar Chichele ta nazariyyar zamantakewa da siyasa, wadda Isaiah Berlin da Charles Taylor da G. A. Cohen suka riƙe, a 2020 ta koma hannun Amia Srinivasan tana da shekara 35, mace ta farko a kanta. Masu zaɓen sun yi caca ne a kan aikin da ke gaba. Ba kowace jami'a ke da ƙarfin halin yin haka ba, musamman in mai waƙafi na jiran sunan da zai iya faɗa wa abokansa.

6.0 Bayan An Yi Tayi

Ana iya yin zaɓe mai kyau a ɓata shi a mako na ƙarshe. Babban malami zai tambayi albashi, amma abin da ya fi yawan rusa magana shi ne sauran: guraben ɗalibai nawa zai samu, zai iya ɗaukar ƙananan malamai, ina abokin zamansa zai yi aiki, kuma wace murya yake da ita a manhaja. Jami'arsa ta asali ma ba za ta naɗe hannu ba, za ta yi nata tayin don ta riƙe shi, shi ya sa kwamiti mai hankali ba ya sallamar na biyu da na uku sai an sa hannu.

Batun murya a manhaja shi ne ya tashi a Jami'ar Cape Town. A 1996 jami'ar ta ɗauko Mahmood Mamdani ta ɗora shi a kujerar A. C. Jordan ta nazarin Afirka, shekara biyu bayan zaɓen da ya kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata. Aka nemi ya tsara darasin share fage a kan Afirka ga sababbin ɗalibai. Da ya kawo tsarinsa, abokan aikinsa suka ƙi shi, aka janye shi daga darasin aka koyar da wani. Ya mayar da martani a bainar jama'a, ya bar jami'ar a 1999 ya koma Columbia. A nan babu attajirin da ya sa baki. Jami'ar ce ta nemi sunan mutumin ba tare da ta shirya karɓar ra'ayin da ya sa ya yi sunan ba.

Ga jami'o'in Nijeriya, inda bankuna da kamfanonin mai da hukumomin gwamnati suka saba ɗaukar nauyin kujeru, akwai ƙarin abubuwa biyu. Na farko darajar kuɗi. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100. Asusun da aka ajiye da naira aka bar shi a banki ya rasa mafi yawan ƙarfinsa cikin shekara biyu, kuma kujerar da ake komawa wurin mai ita kowace shekara ana roƙon ƙari ta koma irin ta Toynbee ko da yarjejeniyarta ta yi kyau. Dole a rubuta yadda za a juya dukiyar, da kason da ba za a wuce ba wajen kashewa, da wanda zai binciki lissafin. Na biyu, a wannan fanni mai ba da kuɗin sau da yawa ɗan siyasa ne mai ci, ko mai shirin tsayawa takara. Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa 70, don haka wanda aka naɗa yana da shekara 55 zai ga zaɓe uku ko huɗu yana kan kujerar, kuma watakila a ɗaya daga cikinsu sai ya yi sharhi a kan wanda sunansa ke rubuce a katin aikinsa. Majalisar jami'a ce ya kamata ta tambayi mai waƙafin, tun kafin ta karɓi cak, ko ya yarda a rubuta cewa ba shi da wakili a kwamitin zaɓe, ba shi da ikon janye asusun, kuma za a buga yarjejeniyar kowa ya gani.